Ɗan Hayar Baffa da Yaren Mesa

Ban je wurin mutumin don in koyi komai ba. Baffana ne ya aike ni in sa masa ido.

Baffan nan ƙanen mahaifina ne, shi ne kuma babba a cikinmu mu mahauta goma sha biyu da ke yanka tare a ɓangarenmu na kasuwar Garwa. Yana da ɗakunan haya huɗu a bayan gidansa. Wata shekara da bazara, lokacin da zafin Garwa kan sa mutum ya ji haushin rigar da ke jikinsa, wani baƙo ya kama ɗakin ƙarshe. Kirista ne daga duwatsun da ke bayan Marwa, siriri, mai tabarau mai kauri, zai kai shekara hamsin. Kayansa katifa ce da akwati da kwamfuta ɗaya, wadda mu a nan muke ce wa ordinatar. Ya ce ya yi aiki a wani ofis a kudu, aikin ya ƙare. Wane ofis ne, me kuma ya ƙarar da aikin, bai faɗa ba. In an ja maganar sai ya koma zancen zafi.

Unguwa ta sa masa Mushe, yadda ake kiran malaman lekol, wato makarantar boko. A bakin mahauta kalmar nan ba ta da daɗin ji, shi ma ya sani, domin ya iya Hausar kasuwa tun yana bin mahaifiyarsa sayar da dankali. Duk da haka yana amsawa.

Bai cika wata guda ba sai ya fito da wani guntun baƙin allo ya jingina a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ya ce duk mai son ya koyi yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ya zo bayan la'asar, ba ya karɓar komai. Wannan kyautar ce ta tayar wa mutane hankali, don kowa ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu suka ce feman ne, irin 'yan damfarar nan na kudu, lambobin mutane yake tarawa. Wasu suka ce hanyar jan mutane coci ce. Da aka ji kuma sunan yaren kwamfutar da zai koyar Piton ne, piton kuwa a Faransanci mesa ce, sai magana ta ƙara lalacewa, domin ba wanda bai taɓa jin labarin masu ajiye mesa a ɗaki tana yi musu aman kuɗi ba. Wata tsohuwa ta rantse ta gan shi ya sayi ƙwai kiret guda, alhali ba shi da mata ba shi da yara.

Baffa ya kira ni zaure. Ya ce gidansa ne, in abu ya ɓaci shi jandarma za su fara nema. Ya ce tunda na yi lekol har aji shida, ina kuma karanta Faransanci ko da da tuntuɓe ne, in je in zauna kamar ɗalibi, in riƙa kawo masa duk abin da aka faɗa. A lokacin shekarata talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya uku, na manta rabon da in riƙe biro. Na sayi littafin rubutu na tafi.

Mu huɗu muka taru ranar farko: ni, da wani ɗan moto mai ɗaukar fasinja, da wani mai aiki a farmasi, da wata tela mai shago a bakin titi. Na zauna inda zan iya hango ƙofar ɗakinsa. Bai ko buɗe kwamfutar ba. Ya dube ni ya ce tunda ni mahauci ne, in koya masa yadda ake sayar wa mutum nama kilo guda, amma in sani shi ba shi da hankali ko kaɗan, abin da na faɗa kawai zai yi. Na ce ya ɗauki wuƙa. Ya ɗauki alli a matsayin wuƙar, ya nuna mana ta kaifi ya kama. Na ce ya yanka. Ya tambaye ni me zai yanka, ya kai allin kan ɗan yatsansa. Na ce ya ɗora nama a sikeli, ya ce ya ɗora. Na ce ya ƙara, sai ya yi ta ƙarawa yana ƙarawa, don ban gaya masa inda zai tsaya ba. Tela ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ni ban yi ba. Na ɗauka so yake ya muzanta ni a gaban mace.

"Malam, haka ordinatar take," in ji shi. "Ba ta san abin da kake nufi ba. Abin da ka ce kawai ta sani."

Sati guda muka yi a kan takarda, muna rubuta matakan ayyukan da muka saba yi ba tare da tunani ba, shi kuma yana nuna mana inda muka tsallake. Daga nan ya ce kowa ya kawo wayarsa ya sa masa manhajar da ake gwada umarni a ciki, tunda kwamfutar ɗaya ce, kuran kuma, wato wutar lantarki, ba ta da alkawari. Na ce a raina, to, an zo wurin. Na tono wata tsohuwar waya mai fasasshiyar fuska, na cire mata sim, na goge komai, na miƙa masa ina kallon yatsunsa. Ya juya ta ya ce ta isa, mai fara koyo ba ya bukatar babbar na'ura. Ya tura manhajar daga tasa ya dawo mini da ita.

Layin farko da na rubuta umarni ne cewa wayar ta fito da kalmar sannu. Ta ƙi. Wani jan rubutu ya fito da Ingilishi, wanda ba na ji. Ya ce kada in ji tsoronsa, in duba layinsa na ƙarshe, nan take faɗin abin da ya dame ta, in kuma duba lambar layin da ta ambata. Ashe alamar baka na buɗe a cikin rubutun ban rufe ba. Na rufe, sannu ta fito. Na daɗe ina kallonta. Wannan ban sa shi a cikin rahoton Baffa ba.

Kullum bayan magariba nakan je zaure in karanta wa Baffa abin da na rubuta. Tambayoyinsa ba sa canzawa: ko ya nemi katin shaidarmu, ko ya ɗauki hotonmu, ko ya ambaci coci, ko ya ba mu wani abu mun ci. Nakan ce a'a. Sai ya gyaɗa kai ya ce mai haƙuri ne, masuncin Binuwai ma ba ya jan ƙugiya da taɓawar farko. Ni ma haka na gani. Duk ranar da mutumin bai yi komai ba sai zargina ya ƙaru, don na ɗauka gwaninta ce.

Ana haka littafin da na saya don leƙen asiri ya cika da darasi. Ya koya mana ajiye abu a cikin suna, ya ce mu ɗauke shi kamar kwanon da aka liƙa wa takarda, sunan yana nan amma abin cikin yana iya canzawa. Ya koya mana sharaɗi, in kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Kalmomin Ingilishin da ake bukata ba su da yawa, na jera su a bangon littafin na rubuta ma'anarsu da ajami, don ajami ya fi zauna mini. Ba ya yarda ya taɓa wayar mutum in ya kakare. Yakan tsaya a bayanka da hannu a aljihu ya ce ka karanta da ƙarfi, har ka ji kuskurenka da kunnenka. Ba ya kuma yarda a tura wa juna aiki, ko layi biyu ne sai ka buga da yatsanka. Ya ce rabin awa kullum ya fi wuni guda a sati. Nawa a rumfa nake yi da azahar, lokacin da ciniki ke mutuwa, ina korar ƙuda da hannu ɗaya, fuskar wayar duk maiƙon kitse.

A rumfar ne wata rana na gwada darasin maimaitawa. Na ce ta rubuta nama, ta sake rubutawa. Na danna, sai kalmar ta riƙa zubowa ba ƙaƙƙautawa, nama nama nama, wayar ta ƙi jin kowane maɓalli, bayanta ya ɗau zafi. Na tabbata abin da Mushe ya dasa ne ya tashi, yana kwasar wani abu yana aikawa, ko da yake ba sim a ciki. Na ɓalle murfin na cire batir, na naɗe wayar a leda na ajiye ta nesa da rumfa. Da la'asar na kai masa ina huci. Ya sa na karanta masa layukan, su uku ne kacal. Babu inda na gaya mata ta tsaya. Na gyara ba tare da na dube shi ba.

Ɗan moto ya fi mu zafi da farko. Ya riƙa kallon bidiyo, yau ya zo da sunan wani yare ya ce shi ake yayi, gobe ya zo da wani. Mushe ya ce masa ya tsaya a kan ɗaya har ya iya yin wani abu da shi, sauran za su zo da sauƙi. Bai ji ba, bai kuma kai wata biyu ba ya daina zuwa. Mai farmasi aka canza masa lokacin aiki. Muka rage ni da tela.

Telar nan ta fi ni nesa ba kusa ba. Kafin ruwa ya sauka ta rubuta abin da in ta sa masa awon mutum zai gaya mata yadi nawa za a saya, ga na riga ga na zani. Ni kuwa sai na fara zargin 'yar kore ce, irin wanda masu caca a tasha kan ajiye ya ci a gaban jama'a don wasu su shiga. Har na aiki matata shagonta da sunan ɗinki, ta bugi cikinta. Matata ta dawo ta ce ba abin da ta gani sai takardu cike da gogaggen rubutu a ƙarƙashin keken ɗinki, matar kuma ta ce mata kwana uku ta yi tana fama da waƙafi guda. Ta ƙara da cewa in haushin mace ta fi ni nake ji, in faɗa kawai a huta.

Abu ɗaya ya rage mana. Kowace Asabar Mushe kan fita da safe da jaka a kafaɗa, ba ya dawowa sai Lahadi da yamma. Baffa ya ce can zancen yake. Wata Asabar a farkon damina na bar wa maƙwabcin rumfata nama, na ari moto, na bi motar da ya shiga. Muka haye gadar Binuwai, muka miƙi hanyar Ngaundere, ina baya ina shan hayaƙi, na rufe fuska da rawani. A Ngong ya sauka. Ya ratsa bayan kasuwa ya bi wata 'yar hanya cikin gonaki, ni kuma na kashe moto ina tura ta daga nesa. Na laɓe bayan wata kaɗanya. Ya buɗe jakar, ya ciro tsofaffin kaya ya canza. Wata mata da wani dattijo mai kama da shi suka miƙa masa fartanya. Gyaɗa suke shukawa. Na tsaya fiye da awa guda ina jiran abin da zai biyo baya, ba abin da ya biyo baya sai gyaɗa.

Da rana ta take ya miƙe ya dubi inda nake, ya ɗaga murya da Fulatanci ya ce in zo in sha ruwa. Ba yadda zan yi, na fito. Ya gabatar da ni ga yayansa da matar yayan a matsayin ɗalibinsa, suka shimfiɗa mini buhu a inuwa.

"Tun daga gada na gan ka," ya ce da muka keɓe. "Ka gaya wa Alhaji gona ce."

Na tambaye shi kai tsaye me ya sa yake koyarwa kyauta. Ya ce zama ba aiki yana cin mutum, kuma abin da ba a amfani da shi zubewa yake yi daga kai. Amsar ta yi mini sauƙi da yawa, ban yarda da ita duka ba. Baffa kuwa da na ba shi labari cewa ya yi wanda ya gane ana bin sa tun daga gada ba yau ya fara waiwaye ba.

Bayan damina Mushe ya ce lokaci ya yi da zan bar darasi in yi abin da nake bukata da gaske. Ban sha wahalar nema ba, don a mayanka muna da tsohuwar rigima. Wurin rataye nama kaɗan ne, likitan dabbobi kuma bi da bi yake dubawa yana buga hatimi. Wanda aka fara yi wa shi ke riga isa kasuwa, ya sami masu gidajen abinci da sanyin safiya. Na ƙarshe kan tarar rana ta yi, manyan masu saye sun watse. Da ƙuri'a muke raba layi, takardu a cikin hular Baffa, kuma kusan kowane sati sai an yi cacar baki, wani ya ce an naɗe wata takarda daban don a gane ta da taɓi.

Na ce zan sa waya ta yi ƙuri'ar, ita ba ta da yatsun lalube. Sati uku na yi a kai. Na ba ta jerin sunaye, na ce ta ɗauki ɗaya da ka, in bai riga ya fito ba ta sa shi a layin ranar, in ya fito ta sake ɗauka, har su cika goma sha biyu. Da sunana da na 'ya'yana na fara gwaji. Da na ga yana aiki na goge na yaran, na zauna gaban Baffa yana faɗo sunayen mahauta ina bugawa. Mushe ya so in kawo ya gani, ya kuma ce in danna sau ɗari ina lura da wanda ke fitowa farko. Ban yi ko ɗaya ba. Ina ɗoki, kuma har a lokacin ba na son hannunsa ya kusanci abin da ya shafi abincinmu.

Mahauta suka karɓa da gunaguni. Wanda ya fi kowa ja wani dogo ne mutumin Bogo, ya girme ni, ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Baffa ne ya danne su, ya ce ɗansa ne ya rubuta, ba baƙo ba. Kowace safiya sai in danna, in ɗaga wayar kowa ya gani.

Satin farko lafiya lau. A na biyu na fito farko sau biyu, aka yi mini ba'a. A na uku na sake fitowa farko sau biyu, ranakun da ban zo farko ba ma ban cika wuce na huɗu ba. Ba'a ta tsaya. In na iso mayanka sai hira ta yanke. Ashe mutumin Bogo yana jefa tsakuwa a aljihu duk ranar da na riga shi. Ran nan ya zube su a kan teburin yanka gaban kowa, ya ce ya daɗe yana jin ana cewa waya ba ta da dangi, yau ya ga tana da ɗan'uwa. Wani daga baya ya ce mesa ta fara amai. Na rantse da Allah ban taɓa komai ba, kuma iyakar gaskiyata ke nan.

Hankalina bai je ko'ina ba sai kan Mushe. Shi ya sa manhajar. Na ce a raina tun ranar ya yi dashensa, ya bari sai da muka saki jiki, yanzu ya haɗa mahauta faɗa. Me zai samu da hakan, ban tsaya na tambayi kaina ba. Na faɗa wa Baffa, Baffa ya ce ai dama ya faɗa. Kafin la'asar ya aika wa Mushe cewa ƙarshen wata ya bar masa ɗakinsa, ya kuma ɗauke allon daga ƙofar gida.

Na je ɗakin da kaina, karo na farko ke nan da na taka ciki. Na dudduba kusurwoyi, ban ma ɓoye ina dubawa ba. Katifa ce da akwati da tukunya ɗaya da littattafai. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ya bar ni na gama. Bai miƙo hannu ya karɓi wayar ba.

"Karanta mini da ƙarfi," ya ce. "Daga layin farko."

Na karanta cikin fushi. Layin farko jerin sunaye ne, ya fi faɗin fuskar wayar, sai an ja shi gefe ake ganin ƙarshensa. Na karanta sunana a farko, inda na bar shi tun lokacin gwaji. Na ja, na bi sauran ɗaya bayan ɗaya yadda Baffa ya faɗo su, har na zo na ƙarshe. Sunana ne kuma. Sunaye goma sha uku ne a jerin, biyu nawa. Tunda na gaya mata kada ta fito da suna sau biyu, ba ta taɓa nunawa ba, amma duk sanda ta sa hannu a hula takarduna biyu ne a ciki.

Na zauna a bakin katifarsa ba tare da an ce in zauna ba. Ya ce kowa yana yin irin wannan, shi ma ya taɓa yin wanda ya fi shi muni a wurin aiki, shi ya sa ake gwadawa sau da yawa, ake kuma ba wani ya duba. Ban sani ba ko wannan ne ya raba shi da aikin, ban kuma tambaya ba. Abin da zan gaya wa mutane kuwa, ni ya bar wa shi.

Abin da ya biyo baya shi na fi jin kunyarsa. Kwana huɗu na yi shiru. Na goge sunan, aka koma hular Baffa, kasuwa kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa baƙon ne ya yi mini asiri a waya. Har jaje ake yi mini. Na ga in na ci gaba da shiru na fita ke nan, shi baƙo ne, zai tafi, magana ta bi shi. Rana ta huɗu tela ta zo har rumfata ta sayi nama rabin kilo, ta tambaye ni a hankali ko na karanta layukan kafin in ɗora wa mutum laifi. Na ce mata na karanta. Ta dube ni, ta ɗauki namanta ta tafi.

Washegari, bayan likita ya gama buga hatimi, na tsayar da su. Na mayar da sunan yadda yake a da, na miƙa wa mutumin Bogo wayar na ce ya sa wanda ya yarda da shi ya karanta masa layin farko. Aka karanta. Na ce kuskurena ne, ni na buga, baƙon bai taɓa ganin abin ba ma. Na ce in sun amince zan zama na ƙarshe har wata guda. Mutumin Bogo ya juya wayar a hannunsa.

"Kuskure ne ya san sunanka, bai san nawa ba?" ya ce.

Na yi masa bayanin gwajin da na yi da sunayen yara, amma bai gamsu ba. Wasu suka yarda, wasu suka ce na ga asiri zai tonu ne na riga su. Na yi watana a ƙarshen layi.

Baffa bai ce ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ba ni tsoka mai kyau in kai ɗakin ƙarshe, in ce maganar tashi a bar ta. Mushe ya karɓi naman ya yi godiya, amma ya ce ya riga ya yi magana da yayansa, akwai ɗaki a Ngong. Na ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Kafin ya ɗora kayansa a mota ya karɓi littafina ya rubuta mini abubuwan da zan koya nan gaba, ɗaya bayan ɗaya, ya ce in na kakare in je wurin tela.

Na fi wata biyu ban je ba, kunya ta hana ni. Da na je ba ta tayar da tsohon zance ba, ta dai nuna mini benci a waje, don cikin shagon mata ne. Zuwa yanzu ta sayi tsohuwar kwamfuta, tana koya wa mata huɗu ranar Juma'a da yamma, ni ne na biyar daga bakin ƙofa. Ba ta da haƙuri irin nasa. In na kawo aikin da ban gwada ba, mayar mini da wayar take yi ta ci gaba da ɗinkinta.

Sai da shekara ta zagayo mahauta suka sake yarda da ƙuri'ar waya, bayan an yi wani faɗa a kan hular da har ya kai ga zare wuƙa. Suka gindaya sharuɗɗa: a karanta jerin sunayen da ƙarfi kowace safiya kafin a danna, wayar kuma ta kwana a hannun wani, ba ni ba. Mutumin Bogo ne ya nemi ta kwana a wurinsa, aka ba shi. Shi ke dannawa yanzu, bayan ya sa an karanta masa sunayen sau biyu.

Sau ɗaya na tsaya a Ngong a hanyar dawowa daga sayen shanu. Yayansa na tarar a tsakar gida yana gyaran rumbu. Ya ce Mushe ya sami aiki ya koma kudu tun bayan girbi, ya ba ni lambarsa. Na aika masa gaisuwa da hoton wani aiki da na gama. Bayan kwana biyu ya amsa, ya ce ya gani, in sake duba layi na tara.